Eh, jirgin yaƙi yana sauka da bam a jikinsa

Ɗan uwa da ka tambaya ko jirgin yaƙi zai iya dawowa ya sauka alhali bai jefa bama-baman da ya ɗauka ba, ko kuwa dole sai ya zubar da su tukuna, bari in ɗan tsoma baki don na yi shekaru a ɓangaren masu ɗora wa jirgi makami a ƙasa. Eh, yana sauka da su, kusan kullum ma ana yi. Wanda ya ce girgizar sauka za ta tayar da bam, gaskiya fim ya kalla.

Bam ɗin jirgi ba ya tashi don an jijjiga shi. Sai fiyus ɗinsa, wato na'urar da ke tayar da shi, ya kunnu, shi kuwa fiyus ba ya kunnuwa sai bam ya rabu da jirgi. A irin na da akwai wata siririyar waya da ke maƙale da jikin jirgin, ita ke riƙe da ƴar farfela a hancin bam, idan aka sake shi wayar ta zare, iska ta juya farfelar na ɗan lokaci, sannan ne fa ya zama abin tsoro. Muddin wayar nan na wurinta, ƙarfe ne mai nauyi kawai a rataye.

Toh nauyin shi ne matsalar. Jirgi yana iya tashi da kayan da ba zai iya sauka da su ba, don ƙafafunsa da birki ne ke shan wahala. A dogon titin sauka na ƙasa abin da sauƙi, matuƙi ya yi ta shawagi ya ƙona mai har nauyi ya ragu, ya sauko a hankali. Amma a kan jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi ba haka ba ne, can buga jirgi ake yi da ƙasa, ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki igiyar ƙarfe, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya tsaya cak. Jirgin yaƙinsu Super Hornet ba a so nauyinsa ya wuce kamar tan 20 lokacin nan, abin da zai iya dawowa da shi, mai da makami a haɗe, kamar tan 4 ne. Kaga matuƙi sai ya yi lissafi, ya riƙe bam ko ya riƙe man da zai sake zagayowa da shi idan ƙugiya ta kuskure igiya. Mai ake zaɓa, ba a ma jayayya.

A da zubarwa ake yi a teku ba tare da an kunna fiyus ba, don bam ɗin ba tsada gare shi ba. Yanzu da ake ɗaura masa na'urar da ke kai shi inda aka saita, ga makami mai linzami da guda ɗaya kan kai dala miliyan, wa zai yarda ka watsar a ruwa haka kawai? Kuma zubarwar ma tana jawo magana. A 1999 lokacin yaƙin Kosobo jiragen NATO sun zubar da bama-bamai a tekun Adiriyatik, masunta a Italiya suka jawo wasu cikin raga har aka ji rauni. A 2013 kuma jiragen Harrier biyu na Amurka sun zubar da guda huɗu a yankin murjanin nan na Ostireliya da ake karewa, mai ya yi musu ƙasa ga shi ba za su iya sauka da kayan ba, aka yi ta surutu.

Wanda ke sa gabanmu faɗuwa shi ne bam ɗin da aka danna ya ƙi fita. Ba ka san ko cikin ƙugiyoyin da ke riƙe da bam ɗin ɗaya ta saki ɗaya ta riƙe ba. Na taɓa tarar irinsa, jirgin ya sauko fuffuke ɗaya ya fi ɗaya nauyi, aka tsayar da shi can ƙarshen titi hancinsa na kallon fili inda ba kowa, motar kashe gobara na gefe, injin na ruri, birki sai warin ƙuna yake. Na durƙusa a ƙarƙashin fuffuken da fil mai jan ƙyalle da ake kulle bam da shi don kar ya faɗo a hannuna, matuƙi ya ɗaga hannayensa biyu sama inda za mu gansu don kar ya taɓa komai, na zura fil ɗin ya ƙi shiga, sai a karo na biyu. Wallahi rigata jagab ta yi.

Kuma zafi muka fi tsoro a kan bugu. A 1967 a Forrestal, jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen yaƙi, roka ce ta kufce daga wani jirgin yaƙi da ke tsaye a kansa, mai ya kama da wuta, tsofaffin bama-bamai suka gasu suka tashi, mutum 134 suka rasu. Shi ya sa in taya ta ɗau zafi kusa da makami, ƴan kwana-kwana ne ke fara matsowa kafin mu.