Muryar WhatsApp: lambar jikin famfo da ruwan da ke shiga tanki

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya ɗazu, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce a jikin famfonka an rubuta lita 60 a minti, kana kunna shi awa 4 a rana, lissafi ya ba ka lita 14,400, amma kai ba ka ga wannan ruwan ba, ko jabu aka sayar maka. To ka kwantar da hankalinka tukuna. Sake duba ƙarfen nan na jikin famfo inda aka rubuta lita 60 ɗin, akwai wata lamba ta tsayi kusa da ita, a ce mita 70. Lambobin nan biyu ba sa faruwa tare. Lita 60 ɗin nan sai idan famfon ba ya ɗaga ruwa sama ko kaɗan. A mita 70 kuwa, ko ɗigo ba zai fito ba. Kai kana wani wuri a tsakaninsu, kuma don a gano wurin aka yi zanen nan mai lanƙwasa da ke cikin takardar famfo. Tsayi a tsaye, yawan ruwa a kwance.

Yanzu nemo tsayinka. Kada ka ƙirga daga inda famfon yake a rataye cikin rijiya, mutane na yawan yin wannan kuskuren. Daga saman ruwa ake ƙirgawa. A'a, bari in gyara, daga inda saman ruwan yake lokacin da famfo ke aiki, domin yana sauka. A ce kafin a kunna famfo yana mita 20 daga bakin rijiya, da an kunna ya sauka zuwa 30. Bakin tanki mita 8 daga ƙasa, ya zama 38. Sai gogayyar ruwa da bututu, da kowace gwiwa da bawul, a ce ta ci mita 6. Ka ga 44 ke nan. Ɗora yatsa a kan 44, ka bi har ka taɓa layin, sannan ka sauko ƙasa. Idan ya nuna maka 35 a minti, to lita 2,100 ke nan a awa, 8,400 a awa huɗun naka. Idan akwai geji mai auna ƙarfin turin ruwa a bakin rijiya ma ya fi sauƙi: da bar yake awo, bar 1 kusan mita 10 ce, ya nuna 1.4, mita 14 ke nan, ka haɗa da 30 na ƙasa.

Wannan gogayyar da nake faɗa, wallahi ita ta taɓa haɗa ni faɗa da wani mutum. Na sa masa famfo lafiya lau, ya je ya kira wani ya ja masa siririn bututu mai nisan gaske, gwiwa a kan gwiwa, wai ya fi sauƙi. Ruwa ya riƙa zuwa kamar hawaye. Ya ce ni na cuce shi. Na ce ranka ya daɗe, idan ka rage faɗin bututu zuwa rabi, a ruwa iri ɗaya gogayya na ninkawa kusan sau 30. Bai ji ba. Ya sayo babban famfo, ɗan ƙarin da ya samu bai kai ya kawo ba, domin idan ruwa ya ninka biyu a bututu ɗaya gogayya kusan sau huɗu take hauwa. Daga baya rijiyar ta fara jan iska. Har yau idan mun haɗu kau da kai yake yi, alhali bututun yana nan yadda yake, na gani da idona. To, a bar wannan dai.

Ina nake? Yauwa. Zanen nan na sabon famfo ne a cikakken gudunsa. Idan yashi ya cinye farfela, layin ya sauka. Idan janareto ya faɗi daga 50 zuwa 45 a juyinsa, wato lambar Hz mai nuna gudunsa, ruwa zai ragu kashi 10 cikin 100, ƙarfin turi sama kuwa kashi 19, kuma a rijiya mai zurfi asarar ta fi haka zafi. Na sola kuwa kada ma ka fara ninka awanni, ruwan safe daban, na tsakar rana daban.

Ni dai bokiti na fi yarda da shi. Hau bakin tanki, ba bakin rijiya ba, ka bar famfo ya yi kamar minti 30 yana aiki, ka tara bokitin lita 20 ka duba daƙiƙa nawa ya cika. Raba 1,200, wato lita 20 sau daƙiƙa 60, da daƙiƙun. Ya cika a 34, lita 35 ke nan a minti. Ka yi sau uku, ka turo min lambobin da hoton zanen, amma hoto mai kyau don Allah, wanda lambobin ƙasa suka fito.