Maigidana soja ne, an tsare shi kan rubutun siyasa a Facebook

Tambaya: Barista, maigidana kofur ne a rundunar sojan ƙasa. Ya yi rubutu a Facebook yana sukar gwamnan jiharmu da jam'iyyarsa kan rashin tsaro a garinmu, kuma hoton da ke shafinsa na kaki ne. Yanzu yana gadurum, an karɓe wayarsa. Ba 'yancinsa ba ne ya faɗi ra'ayinsa? Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba, don kada ki ɓata lokaci a ƙofar da ba za ta buɗu ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, amma ƙaramin sashe na 3 a cikinsa ya halatta a yi dokar da za ta taƙaita wannan 'yanci ga sojoji da 'yan sanda da sauran jami'an tsaro. Soja yana da damar jefa ƙuri'a, yana da ra'ayinsa a zuciya. Fitowa fili ya goyi bayan wani ɓangare ko ya soki shugabanni, a nan doka ta ɗaure shi.

Tun 2018 Hedikwatar Tsaro ta fitar da ƙa'idojin amfani da kafofin sada zumunta ga dakarunta. Mai yiwuwa a tuhumi maigidanki ƙarƙashin Dokar Rundunar Soja, ko dai sashe na 57, saɓa wa tsayayyen umarni, ko sashe na 103, aikata abin da ke zubar da ɗa'ar aiki. Kowannensu na iya kai wa ga ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba idan kotun soja ce ta yanke hukunci. Kuma abin ba ya duba igiya. A 2020 kotun soja ta samu Manjo Janar Olusegun Adeniyi, tsohon kwamandan Operation Lafiya Dole, rundunar yaƙi da Boko Haram, da laifi kan bidiyon da ya yaɗu yana bayanin halin da dakarunsa ke ciki a fagen daga. A shekarar ce kuma aka tsare Las Kofur Martins Idakpini bayan ya soki hafsan sojan ƙasa na lokacin, Tukur Buratai, a bidiyo, har sai da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a bar lauyansa da iyalinsa su gan shi.

Ni a ganina mutumin da ake kashe 'yan garinsu yana da dalilin jin zafi, kuma ban ɗauki maigidanki mai mugun nufi ba. Amma gaskiyar abin da ya rubuta ba za ta wanke shi ba. Abin da zai taimake shi shi ne a tilasta bin ƙa'ida daki-daki, domin kaki bai cire masa haƙƙin a saurare shi cikin adalci da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya tanada ba. Dole a sanar da shi tuhumar da ake masa, a bincika, a tabbatar shi ne ya yi rubutun da hannunsa, a kuma nuna umarnin da ya saɓa wa, wanda ya sani ko ya kamata a ce ya sani. Haka nan ba a ajiye soja a gadurum sai baba-ta-gani. Dokar ta ce a bincika ba tare da jan ƙafa ba, a gurfanar da shi ko a sake shi.

Babbar maganar da ke gabansa ita ce inda za a yi masa shari'a. Kwamandansa na iya yi masa shari'ar gaggawa a ofis ko a kai shi kotun soja, amma damar zaɓar kotun soja da sashe na 117 na Dokar Rundunar Soja ya tanada ta hafsoshi ce da masu muƙamin warrant officer, ba ta kofur ba.  Shari'ar ofis tana da sauri, ɗaurinta ba ya wuce kwana 28, sai dai babu lauya a gefensa, kuma ga mai muƙamin kofur tana iya ƙarewa da rage igiya ko ma kora, wadda kan iya tafiya da haƙƙoƙinsa na barin aiki. A kotun soja zai iya kawo lauyan da yake so, ya yi wa shaidu tambayoyi, sannan ƙofar Kotun Ɗaukaka Ƙara a buɗe take bayan an tabbatar da hukunci. Illarta, hukuncin can na iya fin nauyi, kuma ana daɗewa. Idan rubutun ɗaya ne, babu zagi, babu sirrin aiki, takardunsa na aiki kuma fes suke, sau da yawa amsa kuskure da roƙon sassauci ya fi. Idan kuwa akwai alamar an ƙudurta korarsa, ko ba shi ya yi rubutun ba, ina karkata ga lauyansa ya roƙi a kai shi kotun soja. Kada ya yanke shawara sai ya gana da lauya.

Ke kuma, don Allah kada ki yi bidiyo ko ki kira 'yan jarida yanzu. Matar Idakpini ta yi magana a kafafen yaɗa labarai, ita ma aka tsare ta. Kada ki shiga shafinsa ki goge komai, domin an riga an ɗauki hoton rubutun, gogewar kuma za a iya fassara ta da ɓoye shaida. Ki rubuta ranar da aka kama shi da inda yake tsare, ki adana hoton rubutun da ranarsa, ki nemi lauyan da ya saba da shari'ar soja, ba kowane lauya ba. Shi zai rubuta wa kwamandan yana neman ganinsa da takardar tuhuma. In aka hana, ko tsarewar ta yi tsawo ba gurfanarwa, sai ya shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu.

Idan an riga an yanke masa hukunci a ofis, akwai damar rubuta koke a sake dubawa ƙarƙashin sashe na 147 na Dokar Rundunar Soja, kuma wa'adin gajere ne. Ki tambayi ranar da aka yanke shi, ki kai wa lauya a makon nan.