Gani Biyu-biyu, Jiri da Rawar Ido: Amsoshin Likitan Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Likita, shekarata 58, ina fama da ciwon suga. Kwanan nan mutum ɗaya sai in gan shi biyu, musamman in na duba hagu. Tabarau zan yanka? Daga Argungu.

Amsa: Baba, a dakata da batun tabarau tukuna. Ka rufe ido ɗaya da tafin hannu. In gani biyun ya ɓace, to ƙwayar idon lafiyarta lau, matsalar tana wajen abin da ke juya ta. Kowane ido tsoka shida ke jan sa, su kuma umarni suke karɓa daga jijiyoyi uku da suka fito daga ƙwaƙwalwa: ta uku, ta huɗu da ta shida. Ta shidan ce ke kai ido gefen waje, kuma ita nake zargi a idonka na hagu, don suga da hawan jini kan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Irin wannan yakan warware cikin wata uku in an kula da sugan. Kafin nan ka riƙa rufe ido ɗaya, kuma ka ajiye babur. Amma in fatar ido ta faɗo, baƙin tsakiyar idon ya buɗe, ga matsanancin ciwon kai, ko harshe ya yi nauyi, kada a kwana gida. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ko da sai an kai ka asibitin koyarwa na Sakkwato.

Tambaya: Ɗana ya tashi daga sanƙarau, idonsa ɗaya ya karkace wajen hanci. Kakarsa ta ce harara-garke ne, zai miƙe da kansa. Daga Talata Mafara.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Sanƙarau kan taɓa wannan jijiya ta shida, kuma a wasu yaran takan farfaɗo. Sai dai ban yarda a zauna jira ba. Ƙwaƙwalwar yaro in ido ya karkace takan yi watsi da hoton da yake aikowa, ganinsa ya raunana, kuma in yaro ya wuce shekara bakwai zuwa takwas gyaran na wuya. A kai shi wurin likitan ido, a gwada jinsa ma, don sanƙarau na kurmantarwa.

Tambaya: In na juya a shimfiɗa ko na ɗago daga sujada, ɗaki sai ya riƙa juyawa da ni. Daga Yauri.

Amsa: Hajiya, in jirin bai kai minti ɗaya ba, galibi daga kunne ne. A can ciki akwai wasu ƴan ƙwayoyi kamar rairayi da kan zame su shiga inda ba wurinsu ba, sai kunne ya gaya wa ƙwaƙwalwa kai na juyawa, ita kuma ta sa idanu fizga. Wannan fizgar muke dubawa in mun kwantar da mutum da sauri, kai a karkace, gwajin da likitoci biyu, Dix da Hallpike, suka bayyana a 1952. Maganin jirin juya kai ne daki-daki a asibiti, ba shan ƙwaya ba.

Tambaya: Ƙanena zabiya ne, idanunsa na rawa tun yana jariri. Daga Gusau.

Amsa: Malam, hakan ya zama ruwan dare ga zabiya, kuma shi ba ya ganin duniya na rawa. In yana karkata kai wajen karatu a ƙyale shi, nan rawar ke lafawa. A zaunar da shi gaban aji, a gwada masa tabarau.