Makarantar bayan layinmu ta fi cin WAEC, in mayar da 'yata can?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana SS2 a wata makarantar gwamnati a nan Jos. Bara yara ƙalilan ne suka samu kiredit biyar a makarantar, alhali wata makarantar kuɗi da ke bayan layinmu ta rataye ƙyalle a ƙofa wai ɗalibanta duk sun ci. Me ke kawo wannan bambanci? In mayar da ita can?
Wata uwa daga Rikkos

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ƙyallen nan ya ruɗe ki. Akwai makarantun da ke ci da guminsu, Allah Ya saka wa malamansu. Akwai kuma inda ake rubuta wa yara amsa a allo bayan iyaye sun biya "kuɗin taimako". Su ne za ki ga yaro da A a lissafi, amma ya zauna gaban kwamfuta a JAMB ya kasa taɓuka komai. Wasu kuma tace ɗalibai suke yi, wanda ba su yarda da ƙoƙarinsa ba, ba za su yi masa rajista ba.

Bambanci na gaskiya yana wajen malamai. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma na koyar a ajin da yara biyar ke matse a benci ɗaya, wasu a ƙasa. Ta yaya zan duba aikin kowa? Sannan tun rikicin 2001 garin nan ya rarrabu, malamai da dama ba sa son a tura su wasu unguwanni, abin da ke ci mini rai har yau. Makarantun kuɗi ma ba su tsira ba, albashi ɗan kaɗan ne, malami kan gudu a tsakiyar zango.

Ki je makarantar kuɗin nan ba tare da sanarwa ba. Ki nemi littafin lissafin wani ɗan SS2, ki ga ko akwai jan biro a ciki, da ranar da aka duba shi na ƙarshe. Ki tambayi shekara nawa malamin Turanci ya yi a wurin. Ki leƙa ɗakin gwaje-gwaje, ko akwai kayan aiki ko kuwa kwalabe ne masu ƙura.

Ki kuma sani WAEC na haɗawa da makin gwajin aji tun daga SS1, don haka sauya makaranta yanzu na iya jawo matsala wajen rajista. In ba ki ga abin da ya gamsar da ke ba, ki bar ta inda take, ki yi amfani da kuɗin ki samo mata malamin lesin na Turanci da lissafi.