Baba ya shiga gigin tsufa, wa ke da ikon taɓa dukiyarsa?

TAMBAYA: Salam Barista, don Allah a taimaka min da shawara. Mahaifinmu ya haura shekara 80, gigin tsufa ya kama shi, wani lokacin ko mu 'ya'yansa baya ganewa. Babban yayanmu ya karɓe katin ATM ɗinsa da takardun gidansa na haya, wai shi ne babba kuma Baba ya taɓa rubuta masa takardar wakilci tun yana lafiya, yanzu ma so yake a sayar da gidan a raba kuɗin. Mu mata ko tambayarmu ba a yi. Yana da wannan ikon? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya ya saka muku da alheri.

Maganar "a raba" ita ta fi damuna. Baba fa yana raye, gado sai bayan rai, duk sisin da ke wannan gidan nasa ne, na abincinsa da maganinsa da mai jinyarsa.

Takardar wakilcin kuma ta daina aiki, don a shari'ar Musulunci da ma dokar ƙasa, wakilci yana warwarewa idan wanda ya ba da wakilcin ya rasa hankalinsa na dogon lokaci. Girman shekaru ma baya ba yayanku wannan ikon. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda hankalinsa ya gushe bayan ya girma, alƙali ne ke naɗa masa mai kula da dukiya, kuma amana da iya riƙo ake dubawa. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da Musulmin da ya gaza a jiki ko a hankali cikin abubuwan da ke ƙarƙashin shari'ar Musulunci.

Ku fara da likita tukuna, ku kai shi asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, don wani ruɗewar ciwo ne ke kawo shi kamar suga ko ciwon fitsari ko magungunan da yake sha, ana magance shi mutum ya dawo hayyacinsa, kar a yanke wa tsoho hukunci ba a duba shi ba. In likita ya tabbatar a rubuce, sai ku ɗauki takardar ku je babbar kotun shari'a ku nemi a naɗa masa waliyyi. Ke ma kina da damar shigar da wannan buƙatar, ba sai namiji ba.

Wanda aka naɗa ya dinga rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuɗin haya, fansho, rasit na asibiti, komai. Gida kuwa ba a sayar da shi sai da larura ta gaske kuma da izinin kotu.

Kafin kotu ku kira baffanku ko kawunku a zauna da yayan naku, wataƙila bai san hukuncin bane. In ya ƙi ji, kar ku tsaya jira har mai saye ya biya kuɗi, ku garzaya kotu a dakatar da cinikin.