Gida a lungun Fagge, fili a bayan gari, ko komawa ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da ɗan teburin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Shekara 11 ke nan ina haya a ciki da falo a Kurna, ni da mai ɗakina da yara biyar, babbar 'yar shekara 12, mai bi mata namiji ɗan 10. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, na haɗa rabona na gado da ɗan abin da na tara. Akwai gida mai ɗaki biyu a wani lungu a Fagge, da ƙafa zan riƙa zuwa kasuwa, amma zai lashe kuɗin kaf. Dillalai kuma sun nuna min filaye biyu, kowanne ƙafa 50 tsawo 50 faɗi, ɗaya gaba da Danbare, ɗaya a wajen Dawanau. Ga kuma gidanmu na ƙauye a ƙasar Bichi, ɗakuna a rufe, ga gona, Inna tana so in dawo. Mai ɗakina ta ce kada a raba ta da gari. Baba, ina zan dosa?

Magidanci daga Kurna, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa, ya sanya albarka a abin da ya bari.

Kafin maganar Fagge ko Bichi, shekarun yaran nan biyu ne suka tsaya min a rai. Manzon Allah (SAW) ya ce idan yara sun kai goma a raba musu makwanci. Naka sun kai, suna kwana falo ɗaya. Saboda haka ka cire gidan Fagge daga lissafi. Ɗaki biyu shi ne dai ciki da falon da kake ciki yanzu, sai dai ba mai zuwa maka karɓar kuɗin haya. Kuma gidan lungu ba shi da inda zai miƙe ƙafa. Hagu bangon maƙwabci, dama bangon maƙwabci, sai dai a hau sama, kuma yawancin tsofaffin ginin nan ba a yi musu tushen da zai ɗauki bene ba. Ban raina zaman cikin gari ba, can aka yanke min cibiya, na san daɗin ka fito ƙofar gida ga masallaci, ga mai shayi, ga dangi. Da yaranka biyu ne ƙanana da na ce ka saya yau.

Ƙauye kuwa maganarsa gajera ce. Abincinka a Kwari yake. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya ɗanɗani kuɗin mota, kuma wanda zai taso daga ƙasar Bichi kullum ya koma, ribar tebur a hanya za ta ƙare. Idan kuma ka ce sai ƙarshen mako za ka riƙa zuwa, ka mayar da iyalinka baƙinka. Kada ka sayar da gonar, kada ka bar ɗakunan su rushe, ka riƙa yi musu yaɓe kafin damina. Amma komawa ɗungurungum sai ranar da noma ya zama sana'arka.

Saura filayen. Ni dai na wajen Dawanau na zaɓa maka, don titin Katsina ne ya ɗinke rayuwarka: daga Fagge ya ratsa Kurna da Rijiyar Lemo, ya wuce Dawanau, ya kai ka Bichi. Kasuwa na gabanka, Inna na bayanka, mai ɗakinka kuma mota ɗaya za ta hau ta ga mutanenta na Kurna. Danbare a titin Gwarzo take, wani ɓangaren gari ne daban, duk zuwa ƙauye sai ka zagayo.

Sai dai ka saurare ni a nan, don abin da zan faɗa na biya kuɗin koyonsa. Sama da shekara 30 ina aikin gini, amma da na tashi yin nawa, girma ya ruɗe ni. Na sayi ƙaton fili a bayan gari don ya yi araha, na zuba ɗakuna shida da falo biyu, kuɗi suka ƙare a linta. Shekara huɗu muna zaune a ɗaki biyun da na iya rufawa, sauran ciyawa na fitowa a ciki. Ruwa kuwa sai an yi tafiya, 'yan ga-ruwa ba sa shigowa da kura saboda yashi. Ni da safe nake ficewa, sai dare. Matata ce ta sha wannan wahalar, har yau idan na tuna yadda take ɗauko jarka da goyo a bayanta sai raina ya ɓaci. Mai wuni a gida shi ya san girman gida da ƙanƙantarsa. Don haka maganar da mai ɗakinka ta yi kada ka ɗauke ta raki.

Ka ɗauke ta ku je tare, ba tare da dillali ba. Ta shiga gidajen da ke kusa ta tambayi mata: ina kuke samun ruwa, nawa ne jarka a watan Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya, akwai burtsatse a kusa? Ina makarantar boko da Islamiyya, yaro zai iya zuwa da ƙafa? Idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, wa ke da abin hawa, a daidaita sahu na shigowa? Kai kuma ka zauna da mutanen masallacin unguwar ka ji yadda dare yake a wurin. Ka gwada tafiyar da sassafe daga bakin filin zuwa teburinka, ka riƙe abin da ka kashe, ka ninka shi da kwanakin kasuwa na wata. Idan ya haura kuɗin hayar wata ɗaya da kake biya yanzu, to filin ya yi nisa, ka nemi wanda ya fi kusa da titi ko da ya fi ƙanƙanta. In da hali ka gan shi a watan Agusta bayan an tafka ruwa. Filaye da yawa tsohon kududdufi ne aka cike, da rani lafiya lau, da damina sai kwasar ruwa da bokiti.

Maganar takardu ba wasa. Yawancin filayen bayan gari awon igiya ne, gona aka yanka, wani lokaci ba a bar hanyar kirki ko magudanar ruwa ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka takardar cinikin da kuka rubuta a gaban mai unguwa shaida ce mai kyau, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Ka je hukumar filaye da KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ka tabbata ba hanya ko makaranta aka tsara a wurin ba, kuma ka nemi izinin gini. Idan gonar gado ce, ka tabbata duk magada sun yarda, har matan cikinsu. Rigimar da ke tasowa bayan shekara goma galibi daga nan take.

Game da girman gida, filin 50 da 50 ya ishe ka. Ɗakuna uku masu ƙafa 12 da 12, na iyaye, na 'yan mata, na samari, da ɗan madaidaicin falo, kicin, banɗaki biyu da soro, duka ba za su ci rabin filin ba. Sauran ka bar shi tsakar gida. Kada wani ya zuga ka ka yi ƙaton falon da sai da Salla ake buɗewa. A zafin Kano tsakar gida ce falon gaske: nan ake shanya, nan ake girkin suna, nan ake shimfiɗa tabarma idan an ɗauke wuta. Ka dasa darbejiya ko mangwaro tun ranar da aka ja katanga, nesa kaɗan da tushen gini. Ka gina abin da za ka iya rufawa ka sa ƙofa da taga a shekara ɗaya, ka bar gurbin ɗaki guda ta gabas, inda rana ba ta dukansa da yamma. Wannan na Inna ne, duk ranar da ta yarda ta zo, ko da na watannin rani ne kawai.

Idan kun je kun dawo, ka rubuto min abin da matan unguwar suka gaya wa mai ɗakinka game da ruwa, da kuma ta wace fuska ƙofar filin take kallo, sai in nuna maka inda za a haƙa masai da inda za a sa soro.