Gishiri na kashe hatsi, to yaya ciyawa ke rayuwa a bakin teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Mirriya nake rubuto maka. Na ga wani shiri a tele, an nuna fadama a bakin teku, ruwan duk gishiri ne amma ciyawa ta yi shar, tsuntsaye kuwa ba a magana. Mu nan gonar da kanwa ta fito ko hatsi ba ya yi. To yaya abin yake?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Fara da wannan, ka yanka tumatir ka barbaɗa mai gishiri ka ɗan jira, za ka ga ruwa na fitowa. Abin da ke samun saiwar hatsinka ke nan, gishirin ƙasa shi ke janye ruwa daga saiwa, sai shuka ta mutu da ƙishi alhali ƙasar a jiƙe take.

Ciyayin can kuwa kowace da dabararta. Akwai wadda Faransawa ke kira salicorne, kusan ba ta da ganye, gaɓa-gaɓa take kamar 'yan yatsu cike da ruwa, ita tara gishirin take a jikinta ta surka shi da ruwan da ta ajiye, lokacin sanyi na matsowa sai ta koma ja, kuma mutane na cin ta. Wasu kuma fitar da shi suke ta ganye kamar zufa, in ka shafa ganyen da rana za ka ji gishiri a yatsa, ka lasa ma ka ji.

Amma babban bambancinmu da su ba ciyawar ba ce, ruwan ne. Teku na cika ya janye sau biyu a rana, in ya hau ya kawo laka da abinci, in ya sauka ya tafi da wani gishirin. Namu a kwaruruwan wajen Gidimuni da Gure ruwa daga ƙasa yake tasowa, rana ta shanye shi ta bar kanwa a sama, ba mai wankewa sai damina, ita ma wata uku ce in ta yi kirki. Shi ya sa can laka ke da rai, nan kuma sai farin ɓawo ƙafa na karya shi.

Lakar nan ita tsuntsaye suka biyo, ba ciyawa ba. Tsutsotsi, ƙananan kaguwa, dodon koɗi, duk suna ciki. Mai dogon baki ya zura can ƙasa, mai gajere ya tsinci na sama, kowa da akushinsa ba faɗa. Gishirin da suka haɗiya kuma akwai wata 'yar gaɓa a saman idonsu da ke tace shi ya ɗigo ta hanci, Allah mai iko. Banc d'Arguin, wani bakin teku a Muritaniya, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1976, tsuntsayen laka sama da miliyan 2 ke yin lokacin sanyi a can, wasu tun daga Saberiya suke tasowa. Shamuwarmu dai ba ta cikinsu, ita fara take bi, in ta bar mu kudancin Afirka take nufa.

Wani abu da ni yake ba ni mamaki har yau, cire gishirin ma ɓarna ne. A Senegal da aka gama madatsar Diama a 1986, ruwan teku ya daina hawowa kogi, sai kacalla ta samu sake ta mamaye wurare da yawa har kewayen gandun tsuntsaye na Djoudj, ta toshe filin ruwan da agwagi da kwasakwasa ke bukata. A da gishiri ne ke hana ta sakat.

In kana so ka ga baƙin nan da idonka ba sai ka je teku ba. Tsakanin Disamba da Janairu ka yi sammako zuwa tabkin Gidimuni ko na Lasuri, ka zauna nesa kaɗan ka yi shiru. Ban da belbela da kirinjijiya da ka saba gani, ka duba bakin laka, 'yan ƙanana masu launin toka da siraran ƙafafu suna ta saƙa baki suna gudu-gudu, yawancinsu daga Turai suka ƙetaro Sahara. Don Allah ka ce wa yara su bar danko a gida.